Sabulu a Kwamin Alwala

Ba a rubuta tarihin haƙuri a ƙasar Kabi ba tukuna, amma duk ranar da aka tashi rubuta shi, babin farko ba na manomin shinkafa ba ne, ba kuma na masunci ba. Na mai fenti ne, a cikin masu fentin ma na wanda aka kai gaban bangon da aka yi wa faci da siminti mai toshe ruwa. Malamai sun raba haƙuri kashi-kashi, na kuwa karanta iyakar abin da ya zo hannuna, amma ban ga inda suka kawo haƙurin mutumin da ke tsaye da burushi a hannu, mai aiki yana kallonsa, bango ya bushe ƙamas a idon kowa, shi kuma ya buɗe baki ya ce ba yau ba.

Ku samarin yanzu kun ɗauka fenti sana'ar wanda ya rasa sana'a ce. Ka sayi rola, ka ari tsani, ka ɓata wando ɗaya, shi ke nan ka zama injiniya. Ba na zarginku, ni ma da wannan jahilcin na shigo, nawa ma ya fi naku muni don ni har da takardar shaida. Malamin firamare ne ni a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, komai sai an je Sakkwato, har alli. Na duba na ga gine-gine suna tsirowa kamar ciyawar fadama, kowane bango yana jiran launi, ni kuwa ina shaƙar farar ƙurar allo. Sai na ajiye alli na tafi unguwar Nasarawa, nan cikin gari, wurin Baba Ummaru Na-Zauro na ce ya koya mini.

Baba Ummaru gajeren tsoho ne, mai ƙaramar murya. Da laso da makuba ya fara a gidajen ƙasa, tun kafin gwangwanin fenti ya san hanyar garinmu. Ranar farko na ɗauki rola ina juya ta kamar mai shirin bugun ƙasa, ya dube ni.

"Tica," haka yake kirana har ya bar duniya, "aje rolar ga. Shafa ba ita ce sana'a ba. Ko akuya ta goga jiki ga bango ta yi shafa. Sana'a ita ce sanin ranar da ba a shafawa."

Na yi watanni ban taɓa launi ba. Abokaina su ne samfefa, da burushin waya, da wuƙar kankare bango. Da yamma in zauna, mutum da gemunsa, ina wanke burushi da kananzir, tsofaffin ɗalibaina suna wucewa suna gaishe ni da ladabi mai ciwo.

Simintin da nake magana ba irin na buga bulo ba ne. A ƙaramin gwangwani yake zuwa, kuma inda ruwa ke tsattsafowa ta tsagar bango ake sa shi. Birkila zai faɗaɗa tsagar, ya kwaɓa ɗan kaɗan da tauri, ya riƙe a tafin hannu har ya ji ya soma ɗumi, sai ya danna cikin ramin ya tsaya a kai. Kafin ka gama gaisawa da mutum gaisuwar kirki, har ka tambayi iyali da gajiya, abu ya zama dutse, ruwa ya tsaya cak. Wannan saurin shi ke yaudarar mutane. Waje ya bushe, amma ciki yana nan da danshi, da wani kaifi irin na ruwan toka. To je ka tambayi kowace tsohuwa abin da ake samu in an haɗa ruwan toka da mai. Sabulu za ta ce maka. Fentin mai kuwa, sunansa ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa.

Saboda haka sai a jira, wajen wata guda, wani lokaci fiye. Farin gishiri zai tsatso a fuskar facin, ka goge da burushin waya, ka wanke, ka bar shi ya sha iska, ya sake tsatsowa, ka sake gogewa. Baba yana da ma'auninsa. Gangamau yake yawo da shi a aljihu, wannan saiwar mai ruwan ɗorawa da mata ke sa wa abinci. Ya jiƙa bangon, ya goga ta. In wurin ya juye ja, bango bai huce ba. In ya tsaya a launinsa, to an kusa. Sannan ne ake kawo shafin farko, wanda masu kanti ke kira firaima, irin mai jure kaifin siminti. Siriri ake shafa shi, a bar shi ya shiga jiki ya bushe. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Shi kaɗai jama'a ke gani, shi ya sa suka ɗauka shi ne aikin.

Aikin da ya ci sunan Baba Ummaru, a Argungu muka same shi, a shekarar da komai ya tsuke. Damina biyu sun yi gardama, kaya sun yi wuya a kanti, masu ginin da ke neman mu a da, suna wucewa kamar ba su gan mu ba. Wani dillalin albasa, Alhaji Garba, ya gina ƙaramin masallaci a unguwar masunta ta bakin gulbi, ya yi masa kwamin alwala, wato babban tankin siminti, rabinsa a cikin ƙasa. Da yake wurin fadama ne, sai ruwan taɓo ya riƙa tsattsafowa ciki. Birkila ya zo ya toshe tsagogin da simintin nan, ruwa ya tsaya. Alhaji ya aiko a zo a shafe cikin kwamin don kada gansakuka ta kama. Azumi saura kaɗan.

Baba ya sauka cikin kwamin, ya shafa facin da bayan hannu, ya jiƙa, ya goga gangamau. Wurin ya juye ja wur kamar an yanka kaza. Ladanin masallacin, wani dogon tsoho, ya leƙo daga sama yana kallo.

"Alhaji, bangon ga bai huce ba," in ji Baba. "Sai bayan salla."

"Wace sallar?"

"Ƙarama."

"Subhanallahi! Ummaru, jiya na buga shi da sanda, ƙara shi kai kamar ƙarhe. Azumi na bisa hanya, jama'a za su cika wurin ga. In bar musu kwami tsirara?"

"In kun matsu ku zuba ruwa hakanan, siminti ba shi ƙin ruwa. Mai ne ba shi so. In anka sauko daga idi mu kwashe, shi bushe, mu shafa."

Alhaji ya dube ni, wai ko mai boko zai fi tsoho hankali. Na duƙar da kai ina nazarin takalmina. Ya ce, "To, Allah shi kai mu," da irin muryar da ake cewa Allah ya isa. Muka hau mota muka koma Birnin Kebbi, ko murfin gwangwani ba mu buɗe ba.

Azumi ya raba tsakiya muna Nasarawa, muna goge zauren wani mai sayar da yadi, aiki ɗaya tilo da ke hannunmu. Baba yana kan tsani sai ga mai gidan ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Baba Ummaru, sauko tukuna."

"Lahiya?"

"An ce kai ne ka ɓata wa mutanen Argungu salla."

Na sha ganin tsani ya girgiza da mutum, ranar na fara ganin mutum ya girgiza da tsani. Na riƙe masa ƙafar tsanin har ya sauko.

"Na ɓata mi?"

"Salla. Ruwan alwalarsu kumfa yake yi. Direbobi sun kawo labari, duk tasha an sani."

"Ni ko burushi ban jiƙa ba Argungu!"

"Ni dai ban sani ba. Zauren nan yara ke karatun allo a ciki. A dakata da aikin sai an ga abin da hali ya yi."

Da safe muna Argungu. Na karanta a littafi yadda wannan abu yake faruwa, na gan shi a bangon wanka tafin hannu guda, amma ban taɓa zaton zan ga kwami sukutum ya zama tukunyar sabulu ba. An shafe cikinsa tsanwa shar, tun daga baki har ƙasa. Duk inda faci yake fentin ya saki, ya yi jakar ruwa, ya zazzago kamar fatar wanda ya ƙone. Wani ruwan ƙasa-ƙasa mai danƙo yana gangarowa daga ciki. Kumfa ta taru a kusurwa. Na sa hannu a ruwan na ji yauƙi kamar na kuɓewa, na shinshina na ji warin mai. Baba ya tsaya yana ta salati, ya kasa rufe baki.

Ladan ne ya ba mu labari, kuma da alfahari ya fara kafin ya tuna inda labarin ya ƙare. Juma'ar da ta gabaci azumi, an dawo daga babban masallaci, wani masunci ya leƙa kwamin ya ce abin kunya ne, jirginsa ya sha fenti, ƙofar gidansa ta sha fenti, kayan ɗakin Allah yana tsirara. Ya je ya ɗauko ragowar fentin mai na jirginsa. Wani ma ya kawo nasa. Kafin la'asar abin ya zama gayya. Liman aka fara miƙa wa burushi, ya yi bisimilla ya shafa ɗaya. Daga nan aka yi layi. Kun san aikin masallaci, ba a hana kowa lada. Kowa ya sauka ya shafa ɗaya ya miƙa wa na baya, har wani makaho aka riƙe wa hannu ya shafa tasa. Ya bushe a ido, 'yan garuwa suka cika shi da ruwan rijiya, aka shiga azumi.

Ku da kuka yi karatun tsarki kun san inda matsalar take. Ruwan da launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa ya jirkita da wani baƙon abu, ana iya wanki da shi, amma ba a alwala. Liman ya riga ya hana taɓa kwamin. Abin da bai yanke ba tukuna shi ne matsayin sallolin da unguwa guda ta yi da wannan ruwa, rabin watan azumi. Na ga wani dattijo, wanda aka ce tun yana saurayi jam'i bai wuce shi ba, zaune a gindin bango yana tambayar duk wanda ya gitta, "Har da asham? Ashe har da asham?"

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar masallacin, unguwa ta fito kaf, har da 'yan kallo daga wasu unguwanni. Baba ya gaida Liman, ya gaida Alhaji, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Jama'a, wa ya shafa wanga fenti?"

Can masuncin da ya fara kawo fentin ya ce, "Ni dai ɗaya na shafa."

"Ni ma ɗaya."

"Ni tawa ma ba ta kai ɗaya ba, burushin ya bushe."

"Shafa ɗaya na ɓata ruwa?" in ji wani daga baya. Aka ce a'a, ba ta ɓatawa.

Na koyar da lissafi shekaru, amma ranar na ga wani sabon babi: ɗaya sau unguwa guda ya tashi babu. Tun da kuwa babu wanda ya shafa, kuma ga ruwa ya ɓaci, dole a sami wanda ya ɓata shi. Sai ladan ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, ni ba ni son in ɗauki alhakin kowa. Amma da idona na ga tsohon ga ya hiddo wani abu daga aljihu, ya goga ga bangon, wurin ya yi ja kamar jini. Sannan ya ce kada kowa shi taɓa sai shi."

Wurin ya ɗauki salati. Wani ya ce ai ga ta nan, ɗaure bangon ya yi don kada fentin kowa ya kama sai nasa. Baba ya sa hannu a aljihu, ya fito da gangamau, ya ce a kawo masa ruwan toka. Aka kawo a ƙoƙo. Ya tsoma, ruwan ya juye ja a gaban kowa. Ya ɗaga ƙoƙon yana jiran a gane.

"La'ilaha illallahu!" in ji masuncin. "Ya sake yi, a gabanmu!"

Nan na ga lokaci ya yi da ilimi zai yi aikinsa. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji, na yi musu bayani dalla-dalla, da misalin toka da man gyaɗa, da yadda iyayenmu mata ke dafa sabulu. Na yi bayani mai kyau, ko sufeton makaranta ne ya ji sai ya yaba. Da na gama, wani ya juya ya gaya wa na bayansa, wanda bai ji ba, "Malamin nasa ya amsa da bakinsa. Sabulu sunka haɗa muna."

Alhaji Garba yana gefe yana ta jan carbi. Shi ne Baba ya yi wa bayani ranar farko, amma shi ne na biyu a layin shafa, bayan Liman. Liman kuwa mutum ne mai nauyin baki. Ya ce ba za a yanke wa kowa hukunci da zato ba, kuma zai ci gaba da duba maganar salloli. Baba ya ce a ba shi kwamin ya gyara. Wani ya ce daidai ne, wanda ya ɗaure shi ke kwancewa.

Kankare fentin da ya zama sabulu aiki ne da ba na yi wa maƙiyi fatansa. Ba ya ɓarewa kamar busasshe, ba ya wankuwa kamar ɗanye, sai dai ya bi wuƙa ya naɗe, ya bi hannu ya manne. Muka kwashe ruwan da bokiti, muka shiga ramin nan da azumi a baki, rana tana dukan tsakar ka, iska ba ta shigowa. Mu kankare, mu goge da tsumma da kananzir, mu wanke, mu sake bi da burushin waya har sai simintin ya fito fes, don ko ɗigon mai ya rage a ƙasa zai ci abin da aka ɗora masa. Wani abin lura ga masu nazarin halin ɗan Adam: ladan kankarewa ba wanda ya zo nema.

Aka yi salla, damina ta sauka. Muka rufe bakin kwamin da zana da tamfol yadda iska za ta shiga ruwa ba zai shiga ba. Baba ya sa aka saro ƙaya ya kewaye wurin, kamar mai tsare gona daga awaki, ya ce wa ladan duk mai son lada ya je ya share harabar. Muna zuwa muna komawa, motar Argungu ta san mu. A Birnin Kebbi kuwa mai yadi ya ba wa wani zaurensa. Wata makarantar allo da ta yi mana alkawari ta aiko cewa an fasa. Baba ya wuce ta kasuwa, wani mahauci ya ɗaga murya, "Mai Sabulu, a wanke mana riga mana!" Baba ya amsa masa da barka da rana ya wuce.

Danshin damina ya ja abin ya yi tsawo. Gishiri ya tsatso muka goge, ya sake tsatsowa muka sake gogewa. Gulbi ya cika, fadama ta matso, facin birkila bai ba da ko ɗigo ba. Rannan Baba ya goga gangamau, a ɓoye wannan karon, ya juya wa bakin kwamin baya, wurin ya tsaya a ruwan ɗorawarsa. Muka shafa firaima siriri, muka ba shi lokacinsa. Sannan muka kawo fentin kwami na ainihi, mai danƙo, wanda sai da aka je Sakkwato aka samo, shuɗi mai haske. Muka shafa, ya bushe, muka ƙara. Muka bar shi har warin ya fita. Aka cika da ruwa aka zubar, aka sake cikawa.

Liman ya zo da kansa. Ya ɗebi ruwan a farin kwano ya duba a rana. Ya shinshina. Ya kurɓa ya juya a baki. Sannan ya naɗe hannun riga ya yi alwala a wurin, ya shiga ya ja sallar azahar. Da aka sallame ya juyo ya ce ya duba maganar. Tun da jirkitar daga jikin mazubin ta fito, kamar ruwan salkar fata da ke ɗaukar warin jima, kuma jama'a ba su sani ba, ba ramuwa a kan kowa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya rama. Ya ce kuma Ummaru mai fenti ba shi da laifi ko ƙwayar zarra, ya faɗi gaskiya tun farko, gaggawa ce ta jama'a, kuma shi Liman shi ya fara shafawa. Ya nemi Baba ya yafe.

Magana ce mai kyau, ban taɓa jin malami ya yi wadda ta fi ta ba. Sai dai ranar Talata ce, tsakiyar damina, duk mai ƙarfi yana fadama wajen dashen shinkafa ko yana kan ruwa. Sahun farko bai cika ba. Alhaji Garba yana kudu da lodin albasa.

A hanyar tasha Baba yana tafe da sauri kamar yaro.

"Tica, ka ji? An wanke mu."

"Na ji, Baba. Ni da ladan da makaho mun ji."

"To ai shaidu sun cika."

Direbobin da suka kai labarin farko ba su sami na biyun ba, ko sun samu bai yi musu daɗin ɗauka ba. Baba ya ƙarasa shekarunsa yana shafa shaguna da bodin manyan motoci, aiki mai kyau, ba wanda ya taɓa dawo da shi. Sunan Mai Sabulu kuwa ya bi shi har jikokinsa, waɗanda suka ɗauka kakansu fataucin sabulu ya yi. Na leƙa kwamin bayan shekaru masu yawa, shuɗin nan yana nan, ko ƙwarzane babu a kan faci.

Da Alhaji Garba ya faɗaɗa masallacin ya ƙara kwami na biyu, dattawan unguwa suka zauna suka ce, bisa abin da ya faru a baya, ba za a sake damƙa kayan ɗakin Allah a hannun mai fenti ba. Birkila ya gama faci ranar Laraba, jama'a suka shafe shi ranar Juma'a, kowa ɗaya.